Numfashin da Yaya Ya Ƙarar a Gaisuwa

Kwana uku na yi tsaye a ƙofar wani ɗaki a asibiti ina korar mutanen ƙauyenmu. Har yau akwai gidajen da idan na yi sallama ake amsa mini da sanyin baki saboda waɗannan kwanaki uku, kuma har yau ban ba kowa haƙuri ba.

A lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, 'yan shekaru kaɗan bayan an ba mu mulkin kanmu. Ƙauyenmu yana arewa, gaba da Barmu kaɗan. Mu biyar ne a wurin Inna. Ni ne auta, ni kaɗai aka kai lakwal, shi ya sa kowa ke kirana mushe, kamar yadda ake ce wa malamin lakwal da Faransanci, wasu don girmamawa, yawanci don tsiya. Yaya shi ne ɗan fari.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunan Yaya ba. "Wancan" take ce masa. Ana yaye shi Gwaggo ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Idan ya shigo gida ya durƙusa ya gaishe da Inna, sai ta amsa tana kallon tukunya. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, kunyar ɗan fari ce, kuma a wurinmu da ita ake auna tarbiyyar mace. Idan Inna ta dama fura mai kyau, ni take miƙa wa ƙwarya ta ce in kai wa mutanen gidan can. Gidan can kuwa mutum ɗaya ne a cikinsa mai shan fura irin wannan.

Kowace shekara bayan an ɗaure damma Yaya yakan tafi cin rani can bakin teku, yana dako. A wannan shekarar ya dawo tun lokaci bai yi ba, riga tana yawo a jikinsa. Ba ya wani tari na a zo a gani, ɗan gyaran murya ne kawai. Da yamma jikinsa ya yi zafi, gumi ya jiƙa masa riga, ga wata kaluluwa a wuya da ta ƙi sauka. Wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce ruwan can ne bai karɓe shi ba. Babu wanda ya kawo zancen tarin fuka, tunda mai tarin fuka ai tari yake yi har maƙwabta su sani. Da na je gida hutu na tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Na yarda, na koma Tawa. Ni da na yi karatun ma ban fi kowa ba, kuma wannan yana cikin abin da ke ci mini rai.

Ana tsakiyar bazara aka kawo shi. A kan raƙumi aka kai shi Barmu, daga nan aka sa shi a bayan kamyo, babbar motar kaya. Matarsa tana gidan iyayenta tana wankan jego, saboda haka Inna ce ta biyo shi tare da Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda ya zama babban gida tun rasuwar Baba. An kira ni daga aji, na iske Yaya zaune a ƙasa a jingine da bango, bakinsa a buɗe, leɓunansa sun yi launin toka. Ya so ya ce mini sannu da aiki. Sau uku ya tsaya kafin ya kai ƙarshen maganar.

Likita ya ɗauki hoton ƙirjinsa. Da ya ji ina jin Faransanci, ya kira ni ya ɗaga hoton a saitin taga. Duk huhun biyu ɗigo-ɗigo ne farare, kamar an watsa tsabar gero a kan faifai. Ya ce tarin fuka ne, amma ba irin wanda ke zama wuri ɗaya yana sa tari ba. Wannan ya shiga jini ya bazu, yana huhu, yana wuya, mai yiwuwa yana hanta ma, kuma yanzu huhun ya gaza jan iskar da za ta ishi jiki.

Majo ne ya yi mini sauran bayanin, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, wani dattijo Bazabarme mai Hausar kasuwa. Ya sa aka kai Yaya wani ƙaramin ɗaki shi kaɗai, aka gangaro da wata doguwar tukunyar ƙarfe mai iska a ciki, oksijan suke ce mata, da wata roba da ake kifa wa mutum a hanci da baki. A wuyan tukunyar akwai wani abu kamar agogo mai hannu ɗaya.

"Akwai magani," in ji majo. "Allura kowace safiya, da ƙwayoyi. Amma magani yana son kwanaki kafin ya kama. Aikinmu shi ne ya kai waɗannan kwanaki yana numfashi. Iskar nan ita ke nan har mota ta zo daga Yamai. Kada ya yi magana, kada ya tashi, kada ya cire roba. Kuma ciwon ana ɗauka, ba na son taro. Ni ina da marasa lafiya cike da ɗakuna, ba zan iya gadin ƙofa ba. Kai ne ƙanensa, ka tsare."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na manta washegari ranar kasuwar Tawa ce, kuma da bazara babu mai aikin gona.

Tun hantsi suka fara isowa. Duk wanda ya kawo akuya ko buhun wake kasuwa daga wajenmu sai ya biyo dubiya, don in ya koma gida za a tambaye shi ko ya je. Wanda bai san gaisuwarmu ba zai ɗauka kalma ɗaya ce a wuce. A'a. Mutum zai shiga ya tsuguna, ya gyara zama, sannan ya fara.

"Sannu. Ƙaƙa jiki? An samu kwana? Ƙaƙa ƙarhin jiki? Ƙaƙa zahin ga? Ana cin abinci dai? To sannu. Sannu ƙwarai. Allah shi ƙara sauƙi."

Kowace ɗaya daga cikinsu tana da amsarta, kuma Yaya mutum ne mai ladabi. Ba zai amsa wa babba da baki a rufe ba. Sai ya kai hannu ya janye robar, iska tana fita a banza tana shuuu, shi kuma yana tattaro numfashi daga ƙasan ciki yana cewa da sauƙi, alhamdu lillahi, da sauƙi. Idan mai gaisuwar ya girme shi sosai, sai ya fara ƙoƙarin saukowa daga gado, don ba zai zauna a sama babba yana ƙasa ba. Mutum yana fita ina mayar masa da roba, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Kafin ya dawo daidai wani ya yi sallama.

Da farko da lalama na bi su. Na ce likita ya hana magana, su yi addu'a daga waje, Allah yana ji. Kowa sai ya ce ai shi ba daɗewa zai yi ba, gaisuwa ce kawai. Da na ga na ƙirga sun wuce ashirin azahar ba ta yi ba, na tsaya a tsakiyar ƙofa na ware hannuwana. Nan Baffa ya taso da sandarsa, wasu dattawa uku a bayansa.

"Kai mushe, kauce mutane su shiga."

"Baffa, likita ya hana."

"Likita? Tun da assalatu mutanen ga sunka taso. Wanga da kaka gani shi yay yi ma ubanku wanka. Shi za ka hana?"

"Magana tana cinye mai lumfashi, Baffa. Ku bari shi samu ƙarhi."

"Wa yat taɓa jin gaisuwa ta kashe mutum? Abin da anka koya muku lakwal ke nan? A kulle mara lahiya awa ɓarawo?"

Na ce ko me za a ce, babu mai shiga. Ban taɓa tsayawa gaban Baffa haka ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya juya. Na ɗauka na yi nasara. Ban ankara ba sai na ji sallama daga bayan ɗaki. Ashe zagayawa suka yi ta taga. Na leƙa na ga kawuna uku a jere a tagar, Yaya kuma ya riga ya janye roba yana amsawa.

Na rufe tagar da ƙarfi. Ɗaki ya ɗauki zafi, dole na sake buɗewa. Haka na wuni tsakanin ƙofa da taga kamar mai korar kaji daga shanya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, wanda nake yi dominsa ma ba ya bayana. Da yamma ya yafito ni da yatsa. Na sunkuya, ya cire robar.

"Kak ka… ba ni… kunya."

"Yaya, don Allah yi kurum."

"Mutane na… sun zaka… don ni."

Na mayar masa da robar ina jin kamar in fashe. Na so in girgiza shi in ce masa mutanen nan gobe za su koma gida su ci tuwo, shi ne zai rage a nan yana kokawa da iska. Na fita na tsaya a bayan ɗaki har zuciyata ta ɗan sauka.

Duk wannan abin da ake yi, Inna tana zaune a inuwar wata bishiyar bedi a filin asibitin, inda masu jinya ke girki. Ta kafa duwatsu uku, tana dama kunu. Daga inda take ana hango ƙofar ɗakin sarai, amma ta zauna ta ba ta gefe. Ko sau ɗaya ba ta taka ta leƙa ba. Idan kunu ya yi, ta kira ni ta miƙo. Idan na dawo da ƙwarya, ta duba cikinta ta ga abin da ya ragu, sannan ta ce, "Mutanen ciki sun sha?" Ina cewa cokali biyu kawai, sai ta kawar da kai ta shiga gyara wuta.

Rana ta biyu kasuwa ta watse, amma labari ya riga ya isa ƙauyuka. Dangin Gwaggo suka zo, dangin matarsa suka zo, abokan tafiyarsa cin rani suka zo. Surukinsa kuwa, ina zan iya hana suruki? Ya shiga, Yaya ya zamo daga gado har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, sai da muka kama shi mu biyu muka mayar. Majo ya shigo yin allura ya same shi yana haki, ya dubi hannun agogon tukunyar, ya dube ni. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi ya fi mini sauƙi.

Bayan majo ya fita, Yaya ya ja hannuna. Na riƙe robar na ce kada ya cire. Ya ture hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Kira… Inna."

Na je na durƙusa a gabanta na ce Yaya yana kira. Akwai mata uku na ƙauyenmu zaune tare da ita. Ta ci gaba da tsince wake.

"Ai ina nan. Mi za ni yi mai wanda likita ba su yi ba?"

"Inna, shi yac ce a kira ki."

"Tahi ka ce mai an ji."

Ɗaya daga cikin matan ta ce wallahi irin kunyar Inna yanzu sai an tona, matan zamani har goyon ɗan fari suke yi a bainar jama'a. Na tashi. Na koma na ce wa Yaya tana nan tafe. Ya wuni idonsa yana kan ƙofa, duk wanda ya gitta sai ya ɗago kai. Duk wanda Yaya bai nema ba ya samu hanya ya shiga, ita da ya nema tana taku talatin daga gadonsa tana tsintar wake.

Rana ta uku da safe majo ya ja ni gefe. Ya nuna mini hannun agogon, ya gangaro ƙasa sosai. Ya ce motar Yamai ba ta zo ba tukuna, kuma ba wannan ne ya fi damunsa ba. Ya ɗaga hannun Yaya ya nuna mini faratansa, sun yi shuɗi-shuɗi. Ya ce mutum yana gajiya da numfashi kamar yadda yake gajiya da noma, idan naman ƙirji ya gaji ya saki, to ko tukunya goma aka kawo ba za ta ja masa ba.

Ranar Yaya bai iya amsa gaisuwa sosai ba, amma bai daina gwadawa ba. Ana sallama a taga hannunsa zai tashi ya nufi robar. Wajen azahar ya dube ni, leɓunansa suka motsa a cikin robar. Ban ji sauti ba, amma na gane Inna yake kira.

Ban san lokacin da na isa gindin bedin ba. Ban durƙusa ba. A tsaye na yi magana, da ƙarfi, Baffa da dattawa suna zaune a inuwar da ke kusa.

"Inna, tashi! Ɗanki na! Ke kinka haihe shi, ba Gwaggo ba! Kwana ukku kowa na shiga shina cinye mai lumfashi, ke da shika kira kin zamna nan kina kunya. Kunyar mi? Mutuwa shikai, Inna!"

Sannan na kama sunansa, na faɗa a gabanta sau biyu. Matan suka rufe baki da gyale. Baffa ya miƙe da sanda yana cewa yau sai ya koya mini abin da lakwal ba ta koya mini ba. Inna ba ta dube ni ba, ba ta dubi kowa ba. Ta ajiye faifan wake, ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta, ta nufi ɗakin. Na bi bayanta, Baffa ya tsaya da sandarsa a sama.

Yaya yana ganinta ya fara yunƙurin tashi, hannunsa ya nufi robar. Kafin ya kai, ta kama hannun ta mayar kan gado, ta sa ɗaya tafin ta danne robar a fuskarsa.

"Kak ka amsa."

Ta zauna a bakin gadon. Ban taɓa ganin su biyu a kan shimfiɗa ɗaya ba tun da aka haife ni. Ba ta kalli fuskarsa ba, bango take kallo, amma hannunta yana kan robar.

"Sannu," in ji ta. "Na shina, da sauƙi. Ba sai ka hwaɗi ba."

Ya motsa kai, yana son ta ɗaga hannu. Ya kama wuyan hannunta da yatsu biyu.

"Yi kurum," ta ce. "In ka samu lahiya ka hwaɗi. Ina nan."

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Kwana uku ina faɗa ni kaɗai, ga shi na samu wanda ya tsaya a bayana, kuma wanda ba a iya yi wa musu. Wani ya yi sallama a taga, ya hango wadda ke zaune, ya janye kansa ba tare da ya ƙarasa ba. Daga nan babu wanda ya sake zuwa, ko ƙofa ko taga. Abin da na kasa da ihu, ta yi shi da zama kawai. Ɗakin ya yi shiru sai ƙarar iska. Na jingina da bango ina cewa a raina da ma tun shekaranjiya aka yi haka.

Sau biyu ya ƙara gwadawa. Kowane karo sai ta ce masa yi kurum, ni ma in taya ta, in ce Yaya yi haƙuri, ka adana ƙarfinka. A karo na ƙarshe ya daɗe yana kallonta, sannan ya saki wuyan hannunta. Numfashinsa ya koma gajere-gajere, ya fara yin nisa tsakanin ɗaya da ɗaya. Ana kiran la'asar na ruga na kira majo. Ya zo ya taɓa wuyansa, ya saurari ƙirjinsa, ya miƙa hannu ya murɗe bakin tukunyar. Akwai sauran iska a ciki. Inna ba ta ɗauke hannunta ba sai da majo ya ce, "Inna, a yi haƙuri," ya zare robar a hankali daga ƙarƙashin tafinta.

Ba ta yi kuka ba. Ta fita ta koma gindin bedin ta haɗa tukwanenta. A wurin zaman makoki na ji mata suna yaba mata, wai ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Na ji maza kuma suna mamaki, wai ai sun gan shi da idonsu, da bakinsa ya ce musu da sauƙi. Na tashi na bar wurin kafin in sake yin abin da za a daɗe ana faɗa.

Daga baya na koma wurin majo na tambaye shi ko da an bar Yaya ya huta tun ranar farko da ya tashi. Ya ce shi bai sani ba, ciwon ya riga ya yi nisa kafin a kawo shi, mai yiwuwa da an rufe ɗakin da kwaɗo ma haka za ta kasance. Ban ji daɗin amsar ba. Ni wanda zan ɗora wa laifi nake nema.

Inna ba ta taɓa tayar mini da zancen abin da na yi mata a gindin bedi ba, ni ma ban tayar ba. Shekaru suka wuce, an mayar da ni wata lakwal, na yi aure, idonta ya fara rauni. Wata rana na je gida hutu, muna zaune mu biyu a tsakar gida da hantsi tana ɓarar gujiya. Ba mu ma zancen kowa. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Wancan. Da yac ce a kira ni. Bai hwaɗa maka abin da shika son ce mani ba?"

Na yi ta laluben abin da zan ba ta. Na so in ƙirƙiro wani abu, in ce gafara yake nema, ko amanar ɗansa yake son ba ta. Amma ta san ni, da ta gane.

"Bai hwaɗa ba, Inna. Kira Inna kawai yac ce."

Ta ɓare gujiya ɗaya, ta riƙe ta a hannu ba ta jefa a ƙwarya ba.

"Kowa ya samu amsa tai," ta ce. "Ni kuwa ni nar ruhe mai baki."